Miyar da aka yi wa rajista: Yadda baƙon tumatir ya zama ɗan gida a tukunyar Italiya

Ranar 17 ga Oktoba, 1982, wakilan Cibiyar Girke-girken Italiya suka shiga ofishin Majalisar 'Yan Kasuwa ta birnin Bolonya riƙe da takarda guda. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne yadda ake dafa miyar nan ta nama da tumatir da ake kira ragù: nauyin naman da za a sa, yawan albasa da karas, da daɗewar da tukunya za ta yi a kan wuta. Aka sa hannu, aka buga hatimi, aka adana ta yadda ake adana takardar mallakar fili. Shekara goma kafin nan, wannan ofishi ya karɓi wata takardar da ta ƙayyade faɗin taliyar da ake ci da miyar, wato milimita takwas bayan ta dahu, har aka ƙera samfurinta da zinari aka ajiye. A 2023 kuma aka sake buɗe fayil ɗin miyar aka yi masa kwaskwarima.

Ma'aikacin da ya saba ganin fayil na yawo daga teburin darakta zuwa na babban sakatare zai iya yin murmushi idan ya ji an yi wa miya rajista. Italiyawa kuwa da gaske suke yi. Ƙasarsu na sarrafa tan miliyan biyar zuwa shida na tumatir a shekara, ita da Amurka da Sin ne ke kan gaba a duniya, kuma abin da ke sa gwangwaninta tsada shi ne sunan da ke jikinsa da labarin da ke bayan sunan. Shi kuma labarin, idan aka bi shi shekara da shekara, bai kai tsufan da ake tallata shi da shi ba. Sarakunan Rum ba su taɓa ganin tumatir ba. Leonardo da Vinci ya mutu a 1519 bai san ɗanɗanonsa ba. A zamanin da ake kafa Daular Usmaniyya a Sakkwato, talakan birnin Napoli akasari da gogaggen cuku kaɗai yake cin taliyarsa, kuma da hannu.

Taliya ta riga tumatir isowa

Ita taliyar tsohuwa ce. A 1154, malamin nan na ilimin taswira, al-Idrisi, wanda ya yi aiki a fadar Sarki Roger na Biyu a tsibirin Sisili, ya ba da labarin wani gari mai suna Trabia kusa da Palermo, inda ake yin wani abinci na alkama mai kama da zare da Larabawa ke kira itriyya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Wannan ya faru fiye da shekara ɗari kafin Marco Polo ya dawo daga Sin a 1295, don haka zancen cewa shi ya kawo wa Italiya taliya tatsuniya ce kawai.

Sai dai ta daɗe tana abincin masu hali. A ƙarni na 17 ne lamarin ya sauya a Napoli, garin da masu kallon ƙwallo suka fi sani da Maradona da Osimhen, wanda a lokacin yana cikin biranen da suka fi cika da jama'a a Turai. Nama da kabeji, waɗanda su ne cimar talaka, suka yi wuya. Aka kuma samu injin kwaɓa ƙullu da na matse shi, taliya ta yi araha. A garuruwan Gragnano da Torre Annunziata, a kan titi ake shanya ta iskar teku na busar da ita. Mutanen Napoli da a da maƙwabta ke yi wa laƙabi da "maciya ganye", sai suka koma "maciya makaroni". Fara ce sol a kwano, ba ja ko ɗigo.

Baƙon da aka yi shekaru ana kallo

Asalin tumatir daji ne na tsaunukan Andes a Kudancin Amurka, amma mutanen Meziko ne suka mai da shi amfanin gona. Daga kalmarsu ta tomatl aka samu sunan da ya zagaya duniya har ya iso Hausa. Lokacin da Sifaniyawa suka ci daular Aztek a 1521, sun tarar ana sayar da miyar tumatir da barkono a kasuwanni. Daga Sifaniya ya tsallaka Italiya, kuma hanyar a buɗe take, domin Napoli da Sisili duk suna ƙarƙashin sarautar Sifaniya a wancan zamani.

A 1544 wani likita masanin tsirrai, Pietro Andrea Mattioli, ya ambace shi a littafinsa, ya ɗauke shi a matsayin wani sabon nau'in yalo. Bayan shekara goma ya rubuta sunan da ya zauna masa har yau, pomi d'oro, ma'ana 'ya'yan itacen zinari. A ƙarshen Oktoban 1548 kuma, wani wakilin gida a fadar Cosimo de' Medici, mai mulkin Florence, ya rubuta wa sakataren fada cewa kwandon tumatir da aka aiko daga gonar sarki ya iso lafiya. Babu wata shaida cewa an dafa shi.

Dalilan ƙin sa suna da yawa. Masana tsirrai sun gane cewa danginsa ɗaya da wasu tsirrai masu guba, kamar yadda yake dangi ɗaya da zaƙami, sai aka riƙa ɗari-ɗari da shi. Likitocin zamanin, masu auna abinci da zafi da sanyi, suka ce mai sanyi ne mai laima, yana ɓata ciki. Talaka kuma nasa dalilin ya fi na kowa ƙarfi: abu ne da ba ya ƙosarwa, ba ya ajiyuwa, kwana kaɗan ya ruɓe. Masara da wake, waɗanda su ma daga Amurka suka zo, sun riga shi shiga gona saboda suna maganin yunwa. Shi kuwa ya yi kusan shekara 150 a lambunan attajirai ana nuna wa baƙi.

Wanda ya fara rubuta miyarsa hadimi ne. Antonio Latini maraya ne da ya taso yana aikatau a gidajen manya, ya yi ta hawa har ya zama mai kula da ɗakin girki da teburin babban wazirin mai mulkin Napoli a madadin Sarkin Sifaniya. Aikinsa, a yaren yau, shi ne na jami'in tsare-tsaren liyafa: wa zai zauna ina, me za a fara kawowa, nawa za a kashe. A littafinsa Lo scalco alla moderna, wanda ya fito kashi biyu a 1692 da 1694, akwai miyar tumatir da ya ce irin ta Sifaniya ce. Ana gasa tumatir a garwashi, a ɓare fatar, a yayyanka shi da albasa da barkono da ganyen ƙamshi, a zuba gishiri da mai da ruwan tsami. Duk wanda ya san abincin Meziko zai gane daga inda ta fito. Kuma don dafaffen nama aka yi ta. Taliya ba ta cikin lissafi.

Bayansa Vincenzo Corrado ya kawo hanyoyi da dama na dafa tumatir a 1773, Francesco Leonardi ya ƙara nasa a 1790. Amma rubutun da aka fi kafa hujja da shi na wani basarake ne ɗan Napoli, Ippolito Cavalcanti, a littafin girkinsa da ya fara fitowa a 1837. Abin lura shi ne inda ya ajiye siririyar taliya da tumatir: a wani sashe na girkin gida da ya rubuta da karin harshen mutanen Napoli. Wato abincin unguwa ne da ya riga ya zauna a bakin jama'a kafin alƙalamin manya ya waiwaye shi.

Ɗan kasuwa da gwangwani

Italiya ta zama ƙasa ɗaya a 1861, amma tukunyarta ba ta haɗu ba. Arewa na cin shinkafa da polenta, wadda ba ta da maraba da tuwon masara, da man shanu take girki. Kudu na cin taliya da man zaitun. Wanda ya yi ƙoƙarin haɗa su a littafi ɗaya wani tsohon ɗan kasuwar siliki ne, Pellegrino Artusi. Yana da shekara 71 a 1891 ya buga littafinsa da kuɗin aljihunsa, kwafi dubu, saboda masu ɗab'i sun ƙi karɓa. Ya fara da girki 475. Matan gida daga ko'ina suka riƙa aiko masa da wasiƙu da nasu, har bugun ƙarshe ya kai 790. A wurin bayanin miyar tumatir ne ya ba da labarin wani limamin coci mai shiga sharo ba shanu, wanda jama'a suka laƙaba wa sunan tumatir saboda ba inda ba ya shiga. Duk da haka, makaronin da Artusi ya kira na Bolonya babu tumatir a cikinsa ko kaɗan. Miyar da aka yi wa rajista a 1982 ta samu jan launinta ne daga baya.

Matsalar ruɓewa ita ce ta rage, kuma a nan tarihin ya koma na masana'anta. Matan kudu sun daɗe da dabararsu: a Sisili ana shimfiɗa markaɗen tumatir a kan alluna rana ta ƙafe shi har ya yi kauri ya yi duhu, a gindin dutsen Vesuvius kuma ana rataye ƙananan tumatir dami-dami su kai hunturu, kamar dai yadda ake yin kauɗa a ƙasar Hausa. Wannan na isar gida, ba ya isar kasuwa. Francesco Cirio, ɗan arewa da ya fara da tallan kayan lambu a kasuwar Turin, ya ɗauki hanyar adana abinci a rufaffen mazubi da Bafaranshe Nicolas Appert ya ƙirƙiro, ya buɗe ƙaramar masana'anta a 1856 yana da shekara 20. Daga baya kamfaninsa ya sauka yankin Napoli inda tumatir yake. A kewayen Parma kuma aka ƙware wajen ƙafe ruwan tumatir ya zama markaɗe mai kauri. Kamfanin Mutti, da aka kafa a 1899, shi ya fara zuba shi a bututu irin na man goge baki a 1951.

Sai kuma ƙaura. Tsakanin 1880 da farkon shekarun 1920, kimanin mutum miliyan huɗu suka bar Italiya zuwa Amurka, akasarinsu talakawan kudu, wasu miliyoyin suka nufi Ajantina da Brazil. Su ne suka zama kasuwar gwangwanin farko, domin duk inda suka sauka sai sun nemi ɗanɗanon gida. A New York suka tarar nama na da araha fiye da yadda suka taɓa mafarki, suka riƙa dunƙula shi suna jefawa a miya, aka samu taliya da curin nama da duniya ke ɗauka girkin Italiya ne alhali a Amurka ya girma. A gida kuwa, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da 'yan kudu suka kwarara masana'antun Turin da Milan, taliya da jar miya ta zama abincin yau da kullum daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan.

Kowace miya da garinta

Uwar miyoyin ita ce mafi sauƙi: tumatir, man zaitun, tafarnuwa ko albasa, gishiri, da ganyen basiliko, ɗan'uwan ɗoɗɗoya. Minti ashirin ta isa. Idan aka ƙara mata busasshen barkono ta zama arrabbiata ta birnin Rum, kalmar da ke nufin fusatacciya, ko da yake wanda ya tashi da attaruhu zai yi mamakin wannan fushi. A Catania ta Sisili ana haɗa ta da soyayyen baƙin yalo, wanda Larabawa suka kai tsibirin, da cuku mai gishiri, ana kiranta Norma don girmama wasan waƙa na ɗan garin, Vincenzo Bellini. Puttanesca, mai zaitun da ƙananan kifi masu gishiri, sai a tsakiyar ƙarni na 20 aka fara jin sunanta, sunan da fassararsa ba ta dace da teburin manya ba.

Ragù biyu ne, kuma masu su ba sa son a haɗa su. Na Napoli da manyan yankan nama ake yi, tukunya ta yi sa'o'i da yawa a kan wuta kaɗan tana ɓulɓula a hankali, miyar ta hau taliya, naman a ci shi daga baya. Abincin Lahadi ne. Na Bolonya niƙaƙƙen nama ne da tumatir ɗan kaɗan, har da madara, kuma da faffaɗar taliyar ƙwai ake ci. Abin da otal-otal a duniya ke sayarwa da sunan spaghetti bolognese ya daɗe yana ɓata wa mutanen garin rai, har a 2019 magajin garin na lokacin, Virginio Merola, ya fito fili ya ce babu wani abinci mai wannan suna a Bolonya.

Wadda ta fi ɗaukar tarihi a kanta ita ce amatriciana. Amatrice ƙaramin gari ne na makiyayan tumaki a tsaunukan tsakiyar ƙasar. Guzurinsu a da taliya ce da busasshen nama da cukun madarar tumaki, ba tumatir, girkin da har yau ake yi da sunan gricia. Da tumatir ya shigo, 'yan garin da suka buɗe gidajen abinci a Rum suka yaɗa ta. Suna kishin ta ƙwarai: a 2015, da fitaccen mai girki Carlo Cracco ya ce a talabijin yana jefa mata tafarnuwa, hukumar garin da kanta ta fitar da sanarwar tsawatarwa a Facebook. Shekara guda bayan haka, ranar 24 ga Agusta, 2016, kwanaki kaɗan kafin bikin miyar karo na 50, girgizar ƙasa ta rushe garin da ƙauyukan kewaye, mutum kusan 300 suka mutu. Gidajen abinci a ciki da wajen Italiya suka riƙa ware Yuro biyu daga kowane kwano don taimakon waɗanda suka tsira. A 2020 Tarayyar Turai ta sa miyar cikin jerin abincin gargajiya da doka ke karewa.

A nan akwai abin da ya kamata jami'in da aiki ya kai Rum ya sani, ko taron Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ne, ko rakiyar mai gida. Naman amatriciana kumatun alade ne, guanciale. Ragù na Bolonya ma, bisa takardar rajistarsa, yana ɗauke da naman alade, pancetta, da ruwan inabi mai sa maye. Ba kullum ake rubuta haka a takardar abinci ba, domin su a wurinsu sanannen abu ne. Pomodoro, arrabbiata da Norma, a yadda aka saba yin su, babu nama a ciki.

Wa ke tsinka, wa ke cin riba

Sarkin tumatirin miya shi ne San Marzano, dogo mai kaurin tsoka da ƙarancin iri, wanda ake nomawa a ƙasar toka mai albarka ta kwarin Sarno kusa da Vesuvius. Cuta ta kusa shafe shi a ƙarshen ƙarni na 20. A 1996 Tarayyar Turai ta ba shi tambarin kariyar asali, wanda ya ƙayyade garuruwan da za a noma shi, ya kuma wajabta tsinka shi da hannu. Tambarin na aiki a Turai. A wajenta kuwa, ƙungiyar manoman ta daɗe tana kukan cewa mafi yawan gwangwanayen da ke ɗauke da sunan ba su taɓa ganin wannan kwari ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Babban filin tumatirin masana'anta na kudu yana lardin Foggia ne, kuma da yawa daga masu tsinka a can 'yan Afirka ne, daga Ghana, Mali, Senegal, Gambiya da Najeriya. Dillalan ƙwadago da ake kira caporali su ke ɗibar su a motoci, su yanke kuɗin mota da na ruwan sha daga ladan da ake biya bisa yawan akwatin da mutum ya cika. Abin ba sabo ba ne. A 1989 aka kashe Jerry Masslo, ɗan gudun hijira daga Afirka ta Kudu da ke aikin tumatir a Villa Literno, kisan da ya girgiza ƙasar. A 2011 wani ɗalibin injiniya ɗan Kamaru, Yvan Sagnet, ya jagoranci yajin aikin leburori a Nardò, daga baya ya kafa ƙungiyar NoCap mai sa tambari a kan gwangwanin da aka biya masu tsinkarsa haƙƙinsu. Majalisa ta tsaurara doka a 2016. Duk da haka a Agustan 2018, cikin kwana uku, leburori 16 suka mutu a haɗurra biyu na motocin da ke kwaso su daga gona.

Wani rahoto da Aljazeera ta wallafa a 2014 ya bi sawun wasu daga cikin 'yan Ghanar, ya tarar manoman tumatir ne a gida, waɗanda markaɗen gwangwani mai araha daga Italiya da Sin ya kashe wa kasuwa. Shi kansa markaɗen ba kullum na Italiya ba ne. Ɗan jaridar Faransa Jean-Baptiste Malet, a littafinsa na 2017, ya nuna yadda ake shigo da ganguna daga Sin, a tsinka, a sake zubawa a gwangwani mai suna da launin Italiya, a tura Afirka ta Yamma. A Disamban 2024 binciken BBC ya sake tayar da maganar, wannan karon kan tumatirin yankin Xinjiang a kantunan Turai.

Najeriya ta gwada nata maganin. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga harajin shigo da markaɗen tumatir daga kashi 5 zuwa kashi 50 cikin ɗari, ta ƙara dala 1,500 a kan kowane tan. Masana'antar Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, ta buɗe a 2016 amma ta sha rufewa, da farko saboda tsutsar da manoma ke kira sharon, daga baya saboda ƙarancin tumatir a farashin da zai biya kowa. Ita kuwa Italiya, tun daga 2018 dokarta ta wajabta wa duk mai sarrafa tumatir don kasuwar cikin gida ya rubuta a jikin mazubi ƙasar da aka noma shi da ƙasar da aka sarrafa shi. Gwangwanin da aka loda wa jirgi zuwa Legas ko Tema kuwa, abin da za a rubuta a jikinsa ya rage ga hukumomin ƙasar da zai sauka.